Bokitin Zumunci da Zuciyar Babana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, dattijon da ya riga mu duka shaƙar ƙurar fulawa, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mai gidan burodinmu, da takwarorinsa masu gidajen burodin da suka amsa gayyata. Sakataren ƙungiya da ma'ajinta. Iyayena masu tsayuwa gaban tanderu, yayyena da abokaina na injin kwaɓi, iyayena mata da ƙannena masu sa burodi a leda, direbobi masu kai shi kanti tun bai huce ba. Sai kuma babban baƙonmu na yau, wanda ya sha sabon ɗinki aka zaunar da shi a kujera mai hannu, shugaban masu tanderu, wanda babba da yaro ke kira Dokta. Jama'a maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Waɗanda ba su san ni ba, ni ne ake kira Sannu-sannu, ina aiki a injin kwaɓi. Mahaifina ga shi can a layin gaba, ma'aikacin tanderu ne tun ban san hannun damana ba. Yayana kuma, wanda ya faɗi a bakin aiki watannin baya, ga shi can kusa da taga, hannunsa na dama cikin riga.

Sakatare ya ce da ni, “Sannu-sannu, ka tashi ka yi godiya a madadin gidanku, amma don Allah kada ka ja ta kamar yadda kake jan komai.” To, zan yi godiyar, kuma daga zuciya take. Na gode wa direban da ya sauke burodi a bakin ƙofa ya kwantar da Yaya a bayan mota, bai tsaya neman izinin kowa ba. Na gode wa waɗanda suka riƙe masa aikinsa yana kwance. Na gode wa iyayena mata da suka riƙa zagayowa suna zama da matarsa. Allah ya saka muku da abin da ya fi wannan.

Godiya ta ƙare. Saura maganar da ba a sa ni ba.

An gaya mana abu biyu za a yi yau. Za a ba Dokta takardar yabo saboda shi ya ƙirƙiro bokitin zumunci, sannan a kaɗa ƙuri'a don a ajiye irinsa a kowane gidan burodi na wannan ƙungiya. Baƙinmu ba su san bokitin ba, bari in gabatar da shi, ga shi nan kan tebur an ɗaura masa ƙyalle kamar ango. Tsohon bokitin bota ne. Mazauninsa kan kabad a ɗakin canza kaya, tsakanin takalman roba da tsintsiya. Duk wanda ya je asibiti ya warke, ragowar maganinsa a nan yake zubawa. Duk wanda aka yi wa rasuwa, ragowar maganin mamacin a nan ake kawowa, wai sadaka. Duk wanda jikinsa ya motsa kuma, sai ya je wurin Dokta, Dokta ya share hannu a gaban rigarsa, ya tsoma cikin bokiti, ya ɗago ƙwaya ya duba ta a hasken taga kamar mai sayen zinariya, ya ce, “Sha wannan, ta yi wa wane aiki.”

Wannan shi ne asibitinmu. Wannan ne ake so a yi wa rassa.

Magana ta farko, abin da ya faru da Yaya, don na ji ana ba da labarin iri-iri, har na ji an ce yunwa ce. Yaya ya yi kwanaki yana gudawa, bai fasa aiki ba, kun kuwa san zufar bakin tanderu, mutum yakan matse rigarsa kamar ya fito daga kogi. Sai ya fara jin zuciyarsa tana tsalle, ta buga ta buga ta ɗan tsaya, ta sake zabura. Ya gaya wa Dokta. Dokta ya ce, “Ai ka zo gidan sauƙi.” Ya ba shi wata ƙwaya ta kashe cutar ciki, ya kuma ɗauko wani kwali ya ce, “Wannan ta zuciya ce, ba ka ga hoton zuciya a jiki ba? Ta marigayi mai gadi ce, matarsa ta kawo. Shi ma haka tasa take yi.”

Shi ma haka tasa take yi! Jama'a, a nan binciken ya fara, a nan ya ƙare. Hoton zuciya a jikin kwali. Da hoton ƙafa ne, da mai targaɗe aka ba.

Ba a daɗe ba, da rana tsaka, Yaya ya buɗe ƙofar tanderu zai zaro tire, sai ya sulale. Hannunsa ya kwanta kan ƙarfen ƙofar, bai ma san ya kwanta ba. Aka ja shi, ya buɗe ido ya ce, “Me ya faru?” Dokta ya ce a yayyafa masa ruwa a ba shi shayi mai sukari da yawa. Ana cikin neman kofi ya sake tafiya. Da direba ya tsaya jiran ruwan shayin nan ya tafasa, da yau ta'aziyya kuka zo yi mana, da kuma ragowar ƙwayar ta koma cikin bokiti tana jiran na gaba.

Magana ta biyu, abin da aka koya mini a asibiti. Ni ban yi nisa a makaranta ba, kowa ya sani. Abin da Allah ya ba ni shi ne ina iya zama wuri ɗaya in zuba ido. Na zauna gefen gadon Yaya ina kallon allon na'urar da aka jona masa a ƙirji. Layi ne kore yana tafiya, ya yi tsini ya kwanta, ya yi tsini ya kwanta. A gabana layin nan ya haukace, ya riƙa murɗewa kamar igiyar da yara ke kaɗawa, idon Yaya ya juye, ma'aikatan jinya suka ture ni suka ba shi wuta a ƙirji har ya yi tsalle a kan gado. Da ƙura ta lafa na tare likitar, wata baiwar Allah mai haƙuri, na ce, “Likita, maganin gyaran bugun zuciya ne fa ya sha. Ta yaya maganin gyara zai zama na ɓatawa?” Ta tambaye ni aikina. Na gaya mata. Ta ja kujera ta zauna, ta yi mini bayani har sai da na iya maimaita mata.

Ashe zuciya tana da wutar lantarki tata ta kanta, ba ta kamfani ba. Kowane bugu, wutar takan taso daga sama ta gangaro ƙasa, naman zuciya yana miƙa wa na kusa da shi. Ku tuna yadda muke lodi da safe. Mu jeru daga bakin tanderu zuwa bakin mota, na farko ya miƙo tire, ka karɓa, ka juya ka miƙa, ka juyo hannu wofi ka jira na gaba. Wannan juyowar ita ce maganar. Kowane yanki na zuciya, in ya miƙa wuta, sai ya ɗan ɗauki lokaci ya juyo ya shirya kafin ya karɓi wata. Da yawa daga magungunan bugun zuciya aikinsu ke nan, su tsawaita wannan juyowar, don masu gaggawa a cikin layin su nutsu. Ga wanda aka auna aka ba shi daidai, rahama ne. Amma maganin ba ya rage wa kowa sauri daidai wa daida. Wani ya juyo, wani yana rabin hanya. In juyowar ta yi tsawo fiye da kima, sai wani yanki ya rikice ya harba wutar da ba wanda ya ce ya harba. Na hagunsa ya shirya ya karɓa, na damansa bai shirya ba. Sai tire ya bar hanyar mota ya shiga zagaye a tsakanin mutane, wannan ya ba wancan, wancan ya dawo wa wannan. Kowa yana aiki, kowa yana zufa, burodi ko ɗaya bai shiga mota ba. Haka zuciya take yi, tana karkarwa maimakon turo jini. Jini bai kai ga ƙwaƙwalwa ba, mutum ya faɗi. Wani lokaci ta warware da kanta, shi ne ya buɗe ido ya ce me ya faru. Wani lokaci ba ta warwarewa.

Na ce, “To me ya sa marigayi mai gadi ya shekara yana sha bai faɗi ba?” Ta ce shi an auna shi. An duba layin zuciyarsa kafin a fara, an sake dubawa bayan ya fara, an gwada jininsa, an gwada ƙodarsa, an tambaye shi duk abin da yake sha. Akwai gishiri iri-iri a cikin jini, in ji ta, waɗanda da su zuciya take yin wannan juyowar, gudawa da amai da zufa da ƙwayar sa fitsari duk suna kwashe su. Yaya ya zo jininsa ya tsiyaye daga wannan gishirin. Ƙwayar cikin da aka haɗa masa kuma, ita ma tana cikin masu tsawaita juyowar. Wato an sami bango ya tsage, aka kawo ƙadangare biyu aka ce bismillah.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ƙarshe da ta faɗa. Tsallen da zuciyar Yaya take yi tun farko, rashin gishirin nan ne ya kawo shi. Da ya zo, ruwa za a ƙara masa a gyara gishirin, ya koma gida da ƙafarsa. Bai taɓa bukatar maganin zuciya ba. Garin neman gira aka kusa rasa ido, aka kuma rasa hannun da yake zaro tire da shi, don har yau yatsunsa ba sa damƙa.

Kada wani ya fita daga nan ya ce Sannu-sannu ya ce maganin zuciya guba ne. Ban ce ba. Duk wanda likita ya auna ya ɗora a kan magani, ya riƙe abinsa, kada ya daina don ya ji labarin Yaya, dainawar ma tana da nata haɗarin. In ya ji jiri ko ya taɓa suma, ya koma wurin wanda ya ba shi a ranar. Abin da na ce, zanen aro ba ya rufe katara. Takalmin roba ma, in ba lambarka ba ne, ba ka yarda ka sa, kana tsoron ya yi maka kanta a ƙafa. Amma ƙwayar da za ta shiga ta taɓa wutar zuciyarka, wannan ta kowa da kowa ce, a ɗebo daga bokiti.

Magana ta uku, a kan baƙonmu mai daraja. Dokta ubana ne a wurin aiki, shi ya koya wa Yaya tanderu, kuma a gasa burodi ban ga na biyunsa ba. Ya kalli bayan burodi ya gaya maka minti nawa ya rage, bai taɓa kuskure ba. Da a kan wannan za a ba shi takarda, ni zan fara tafi. Amma bari in ba ku wani ɗan labari. Ranar da nake bin layin karɓar maganin Yaya a asibiti, na hango wani dattijo a gabana ya ja hula har gira, yana riƙe da katinsa da hannu biyu kamar sabon ɗalibi. Na ce wannan ƙeyar na san ta, shekara da shekaru ina kallonta a gaban wuta. Na ce, “Barka da rana, Dokta.” Ya zabura ya ce, “A'a, Sannu-sannu, ɗan hawan jinin nan ne nake zuwa a duba mini duk wata.” Na ce, “Babu nasa a bokiti ne?” Ya ce, “Kai yaro, jikin kowa da irin nasa.”

Jikin kowa da irin nasa. Wallahi duk bayanin da likita ta yi mini, Dokta ya taƙaita shi a wannan kalmar. Ashe ya sani. Wanzami ne dai ba ya son jarfa. Nasa jikin na awo ne da kati da layi, namu na laluben bokiti.

Kada kuma mu ɗora masa duka, mu ma da namu. Bokitin nan ba shi kaɗai ya cika shi ba. Muna son sa saboda ba layi, ba tambaya, ba a ce ka bar aiki ka je gwaji. Mu ne fa mutanen da ba ma yarda a zuba yis da ka, sai an ɗora a sikeli. Fulawa a auna, sukari a auna, gishiri a auna, in yaro ya ƙara cokali ɗaya a kwaɓi sai an kusa cire masa kunne. Burodin da za a cinye kafin azahar muna auna masa komai. Zuciyar da za ta kai mu tsufa, ita ce muke zuba wa da ka. Bayan Yaya ya faɗi, me ƙungiya ta yi? Ta zauna, ta yi shawara, ta yanke cewa matsalar bokitin ita ce ba shi da murfi mai kyau. Aka sayo murfi. Ga shi nan, ja, sabo fil. Allah ya ƙara basira.

Shugaba, na ga sakatare yana nuna mini agogo. Ya yi haƙuri, na kusa, kuma abin da ya rage shi ne ya tashe ni tsaye.

Baba, ka gafarce ni. Ba tarbiyyar da ka ba ni ba ce in kira ka a gaban mutane. Na yi maka magana a ɗaki, ka ce in bari sai ka huta. Na yi maka a hanya, ka ce yaushe na zama likita. Na sa Inna ta yi maka, ka ce mata da ɗanta sun haɗa kai. Na bi ka a hankali kamar yadda nake bin komai, har na ga haƙurin nawa zai zama ihu bayan hari.

Jama'a, mahaifina ya taɓa kwanciya da ciwon ƙirji, aka ce ya bar masa tabo a zuciya. Yana shan ƙwayar sa fitsari saboda kumburin ƙafa. Yana tsayuwa gaban wuta yana zufa kamar kowa. Na tambayi likitar nan game da mai irin wannan tabon, ta ce shi ne wanda aka fi jin tsoro a kansa, don wuta takan yi ta kewaya tabo, wasu magungunan kuma suna ƙara mata sauƙin kewayawar. Kwanan nan ina lura da shi. Yakan tsaya cikin aiki ya dafa ƙirji ya yi kamar yana gyara aljihu. Yakan hau matakala ya tsaya a tsakiya ya yi kamar yana tuna wani abu. Shekaranjiya kuma na shiga ɗakin canza kaya na tarar da shi da Dokta, jan murfin nan a buɗe. Na ji abin da Dokta ya faɗa masa kafin in shiga. “Na ɗanka tsautsayi ne, haɗawa ya yi da na ciki. Kai ka sha ta zuciyar ita kaɗai.”

Baba, tana aljihunka na ƙirji. Tun da muka zauna hannunka yake komawa wurin. Ba na neman ka ce na fi ka sani, ban fi ka ba. Abokinka ne na shekaru, na san kunyarsa kake ji, kada a ce ka ƙi abin hannunsa a ranar da ake karrama shi. To ni na ɗauke maka kunyar, ni ne marar kunyar yau, kowa ya shaida. Ka ba ni ita. Sunana Sannu-sannu, ba ni da inda za ni, zan tsaya a nan har masu shara su zo.

Yaya, zauna, kada ka taso. Zai bayar da kansa.

Madalla. Allah ya ƙara girma, Baba. Miƙo wa shugaba ya miƙo mini.

Baba, akwai gurbin da babu ƙwaya a nan, kuma ɓallin sabo ne. Yaushe ka sha? Yau da safe, kafin mu fito?

To. Kada kowa ya tashi, kada a yi masa ca a kai, kada kuma wani ya ce a kawo shayi. Wataƙila babu abin da zai faru, da yawa sun sha sun kwana lafiya. Amma ba ni zan faɗi haka ba, ba Dokta ba, ba kuma ƙuri'ar ƙungiya ba. Na'ura ce za ta faɗa, da gwajin jini. Direba, don Allah juyo da mota bakin ƙofa. Inna, ɗauko masa hularsa da ƙwayoyinsa na gida da ke jakarki, duk za a tambaya. Wannan kwalin ni zan riƙe, likita za ta so ta ga sunansa.

Mai girma shugaba, ka yi mini izini in taƙaita, karon farko a rayuwata. Ƙuri'arku ku kaɗa bayan mun fita, kowa ya ɗaga hannu yadda ya ga dama, amma kafin ya ɗaga ya waiwaya ya dubi kujerar da Babana ya tashi a kai.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ji ƙan mai gadi da sauran waɗanda suka riga mu. Allah ya tsare zukatanmu, na cikin ƙirji da na tunani, ya raba mu da karambani, namu da na masoyanmu. Allah ya sa albarka a tanderunmu da guminmu, ya mai da kowa gidansa lafiya, ya sa mu ma mu dawo da dattijon nan da ƙafarsa.

Taso, Baba, riƙe kafaɗata. A hankali.

Na gode.